Dashen da ba ya cin kuɗi a Jidda

Ƙanwata, kin ce kin gaji da sayen shuke-shuke a mashtal, wato wurin sayar da dashe, suna mutuwa da zafi ya shigo, ga aljihu ba nauyi, kina neman abin da za ki dasa sau ɗaya ya daɗe. Shekarata 14 a Jidda, kuma abin da ke kan rufina yanzu, in kin cire tukunyar ful ɗaya (farin furen nan mai ƙamshi, yasmin), duk roƙo na yi.

Ina zargin lokaci ne ya ci ki. A nan ba damina ake jira ba kamar gida, sauƙin zafi ake jira. Ki yi dashe daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, saiwa ta kama kafin Yuni. Wanda ya dasa a watan Mayu sadaka ya yi wa rana.

Fara da zogale. Ki samu wadda take da shi ta sara miki reshe mai kauri, tsawonsa kamu biyu. Kar ki dasa a ranar. Jingine shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin saran ya bushe, sannan ki binne kashi ɗaya cikin uku. Ruwa kaɗan kaɗan. Na farko da na yi, don ɗoki, safe da yamma nake shayar da shi, da na tuge sai ga gindin ya yi laushi yana wari. Lalle ma reshe ne, kaurin fensir ya isa. Na'ana'a kuwa daga ƙullin da kika sayo na shayi, tsoma 'yan sanduna a kofin ruwa, cikin mako za ki ga fararen saiwoyi. Alobera 'ya'ya take fitarwa a gindi, ki ɓalle ki raba.

Ful ya fi son lallashi. Lanƙwaso reshe yana jikin uwarsa, ki ɗan kankare bayansa, ki tura cikin ƙasar wata tukunya, ki danne da dutse. Bayan wata biyu ki yanke. Haka tukunyata ɗaya ta zama biyar.

Tukunya kar ki saya. Bokitin fenti da jarkar man girki sun wadatar, a huda gindi da ƙusa mai zafi. Sai dai baƙar roba a kan siminti dafa saiwa take yi, don haka ɗora su kan katako, a inda ranar la'asar ba ta duka. Ki sa faranti a ƙasa kuma, ni sai da maigidan haya ya hawo da kansa saboda yoyo. Ƙasa: yashi, bitmos (baƙar ƙasar dashe ta buhu) kaɗan, da kashin tumaki wanda ya tsufa, ɗanye ƙonawa yake.

In kin ga farin gishiri na taruwa a bakin tukunya, ruwan ne. Tara bokiti a ƙarƙashin bututun AC, wannan ruwan ba gishiri, kyauta kuma yake ɗiga. Shi nake ba ful da na'ana'a. In kina kusa da unguwar Kilo 7, zo bayan la'asar da jarkarki, zan aske zogalena a Nuwamba.