Amsa: Wace wuƙa zan riƙa yawo da ita don kare kai?

Ɗan'uwa, ka ce masu ƙwacen waya sun addabi unguwarku, kana tambayar wace wuƙa za ka soke a ƙugu. Don Allah kar ka ɗauki kowace. Yaran nan a gungu suke zuwa, yawanci a buge, kafin hannunka ya kai kube sun sare ka, kuma zaro ta ne ke mayar da ƙwace kisa. Sannan in 'yan sanda suka laluba ka a Kano suka samu wuƙa, sunanka ɗan daba.

Sayi tocila mai haske da usur, ka daina latsa waya a bakin lungu bayan isha'i. In sun tare ka, miƙa musu kawai. Ku kuma je wa mai unguwa a farfaɗo da sintiri.