Karayar Kwatangwalo a Tsufa: Likita Ya Amsa

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta zame a banɗaki, ƙashin kwatangwalonta ya karye. Wannan abu ya yawaita ne ga tsofaffi?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Ya yawaita fiye da yadda ake zato. Ana ƙiyasin mutum kusan miliyan 1.6 ke samun wannan karaya a duniya duk shekara, kuma hasashe ya nuna adadin zai haura miliyan 4 nan da 2050, saboda tsofaffi na ƙaruwa. A Amurka kaɗai ana kwantar da tsofaffi kusan 300,000 a asibiti duk shekara saboda ita. Fiye da kashi 90 cikin 100 faɗuwa ce sila, yawanci faɗuwa ta gefe, kuma sau da yawa a cikin gida.

Tambaya: Wai gaskiya ne mata sun fi karyewa?

Amsa: Gaskiya ne, 'yar'uwa. Kusan uku cikin huɗu mata ne. Da zarar jinin al'ada ya ɗauke, sinadarin estirojin da ke kare ƙashi sai ya ragu, ƙashi ya riƙa zaizayewa ta ciki ba tare da wani ciwo ba. Shan taba, rashin motsa jiki da daɗewa kan magunguna irin prednisolone, maganin rage kumburi, na ƙara raunana shi.

Tambaya: Baba ya faɗi jiya, ya kasa taka ƙafarsa, amma ya ce targaɗe ne kawai. Mu jira?

Amsa: Don Allah, Malam, kada ku jira. Ku duba ƙafar: in ta fi ɗayar gajarta, tafin ya juya waje, ga zafi a matsematsi, to alamar karaya ce. Kada a tilasta masa tsayawa, kada a ja ƙafar. A kai shi asibiti yau a ɗauki hoton ƙashin. Yawanci tiyata ake yi, kuma an fi so a yi ta cikin awa 48.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne doguwar kwanciya. Tsohon da aka bari a shimfiɗa yana iya kamuwa da ciwon huhu, gyambon kwanciya, ko jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa. Kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan karaya kan rasu cikin shekarar farko. Shi ya sa bayan aiki muke so a tayar da shi zaune, har ya fara takawa da taimako, tun washegari in hali ya yi.