Tambayi Likita: Suna so su kai ɗan yayana gidan mari

Tambaya: Assalamu alaikum. An ga saƙonni a wayar ɗan yayana mai shekara 19 da ke nuna maza yake sha'awa. Mahaifinsa ya lakaɗa masa duka ya kulle shi a ɗaki. Baffanninsa sun ce ko gidan mari, ko allurar kemis, ko a yi masa aure da gaggawa. Akwai maganin da ke canza shi?
Gwaggonsa, daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Babu allura ko ƙwayar da ke canza wanda mutum yake sha'awa. Tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Ko Exodus International, ƙungiyar Amurka da ta shafe shekaru tana iƙirarin gyara irin waɗannan mutane, ta rufe a 2013, shugabanta ya nemi gafara.

Allurar da ake yi wa masu taɓin hankali, irin su Largactil, kasala kawai za ta sa masa, ta iya sandarar da wuya da muƙamuƙi, ta sa jininsa ya sauka fiye da kima. Sinadarin maza na testosteron kuwa ƙara sha'awar yake yi, ba ya juya ta. Gidan mari, kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa da Daura a 2019: ɗaruruwan mutane cikin sarƙa, ga gyambo, ga yunwa, wasu an yi lalata da su. Auren dole kuma 'yar mutane za a jefa cikin baƙin ciki.

Abin da ya fi damun mu shi ne ransa. Binciken da aka buga a Amurka a 2009 ya gano cewa matasa masu sha'awar jinsinsu da danginsu suka tsangwame su sosai sun ninka sauran sau 8 wajen yunƙurin kashe kai.

Yau ɗin nan ki nemi dattijon da mahaifinsa ke jin nauyi, a buɗe ɗakin, in ya yiwu yaron ya koma wurinki. Ki kawar da fiya-fiya, Sniper, igiya da tarin magunguna. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta jefa masa tunanin. In ya daina ci da barci ko yana rabar da kayansa, ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, a duba shi kan ciwon damuwa. Kada zancen ya fita unguwa, domin dokar ƙasa da fushin jama'a duka haɗari ne gare shi.