Aikin sa-kai a ƙasar waje: amsa ga ma'aikaciyar jinya da ke Ingila

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Ingila ta rubuto mini doguwar wasiƙa, wadda zan taƙaita kamar haka. Shekararta huɗu ke nan tana aiki a asibiti da bizar ma'aikatan lafiya, kuma ta ga tallar wata ƙungiya da ke kai masu aikin sa-kai wani ƙauye a Gabashin Afirka na tsawon wata takwas, domin su taimaka a ƙaramin asibitin haihuwa da wani gidan marayu, amma sai mutum ya biya kuɗi masu yawa kafin a ɗauke shi. Ta ce ta daɗe tana burin yin aikin da za ta ga amfaninsa da idonta, sai dai ita ke aika wa mahaifiyarta kuɗin cefane da na magani duk wata. Tana tambaya ko ta ajiye aikinta ta tafi, da kuma yadda tafiyar za ta shafi zamanta.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya, kuma ba zan ce ki bar ta ba. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki tafi a bana, domin shekarar da kike ciki ita ce mafi haɗari ga takardunki a duk zamanki na Ingila.

Bizar da ke hannunki a ɗaure take da asibitin da ya ɗauki nauyinki. Ranar da kika ajiye aiki, wajibi ne asibitin ya sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, ita kuma yawanci takan taƙaita bizar zuwa kwana 60, wanda a cikinsu ko dai ki samu wani mai ɗaukar nauyi ko ki bar ƙasar. Ko hutu ba albashi kika nema maimakon ajiye aikin, ƙa'idar ba ta yarda ya wuce mako huɗu a shekara ba, sai a wasu dalilai ƙidayayyu kamar hutun haihuwa ko rashin lafiya. Sannan ga lissafin kwanaki: mai neman izinin zama na dindindin bayan shekara biyar bai kamata ya yi fiye da kwana 180 a wajen ƙasar a cikin kowane wata 12 ba, alhali wata takwas ya kai wajen kwana 240. Ma'ana, shekara huɗun da kika yi kina kwana a tsaye a ɗakin marasa lafiya za su iya tashi a banza, ki dawo ki fara ƙidaya daga farko, in ma kin samu hanyar dawowa ke nan. Gaskiya ne akwai sassauci ga wanda ya fita taimako a wani bala'i na jinƙai ko na muhalli da amincewar mai ɗaukar nauyinsa, amma aikin yau da kullum a asibitin ƙauye ba abu ba ne da za ki ɗauka da kanki cewa ya shiga ƙarƙashin wannan sassauci. Lauyan shige-da-fice mai rajista ne zai faɗa miki, kuma a rubuce. Ki sani kuma cewa a watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da takardar manufa da ke neman tsawaita wa'adin daga shekara biyar zuwa goma ga mutane da yawa, don haka wanda ya kusa kai gaci bai kamata ya yi sakaci da matsayinsa ba.

Idan kika samu izinin dindindin, numfashinki zai saki, domin ba ya faɗuwa sai mutum ya yi fiye da shekara biyu a jere a waje. Duk da haka, in kina da niyyar neman zama 'yar ƙasa, akwai wani lissafin: kada kwanakin da kika yi a waje su wuce 450 a shekara biyar ɗin ƙarshe, kada kuma su wuce 90 a watanni 12 da ke gab da neman. Tafiyar wata takwas bayan izinin dindindin ba za ta kore ki ba, amma za ta jinkirta fasfo ɗinki. Wannan zaɓi ne da za ki auna da kanki, ba kamar na yanzu ba da babu abin aunawa a cikinsa.

Da yake masu karanta wannan amsa ba a Ingila kaɗai suke ba, bari in taɓo sauran a gurguje. Mai katin zama na dindindin a Amurka, idan ya wuce wata shida a waje za a iya ɗauka ya katse zaman da ake ƙidayawa don neman zama ɗan ƙasa, idan kuma zai kai shekara to ya nemi takardar izinin sake shiga tun yana cikin ƙasar. A Jamus izinin zama yakan mutu bayan wata shida a waje in ba ofishin baƙi ne ya ba da ƙarin lokaci tun kafin tafiya ba. Kanada na buƙatar mai izinin zama na dindindin ya yi kwana 730 a cikin ƙasar a duk shekara biyar. Wanda kuwa yake zaune da matsayin ɗan gudun hijira, kada ya kuskura ya nufi ƙasar da ya gudo daga cikinta da sunan aikin agaji, domin hakan na iya zama hujjar janye masa kariya.

Akwai kuma takardun ƙasar da za ki je, waɗanda ƙungiyoyin da ke tallar irin wannan tafiya ba su cika son a yi maganarsu ba. Mutane da yawa suna zaton tunda ba a biyan su, ba aiki suke yi ba, don haka bizar yawon buɗe ido ta wadatar. Dokokin ƙasashe da dama ba haka suke kallon abin ba. A Nepal, misali, bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aikin sa-kai, Tanzaniya kuma tana da izinin zama na musamman da masu aikin sa-kai ke nema. Duk ƙungiyar da ta ce miki ki faɗa wa jami'in filin jirgi cewa yawo kika zo, ta nuna miki halinta tun kafin ki tashi, kuma idan aka kama ki aka kore ki, wannan tabon zai bi ki cikin duk fom ɗin biza da za ki cike nan gaba. Ke da kike ma'aikaciyar jinya kina da ƙarin nauyi: rajistarki ta Ingila ba ta ba ki ikon taɓa mara lafiya a wata ƙasa ba sai hukumar ma'aikatan jinya ta can ta yi miki rajista. Kada kuma ki yarda a sa ki aikin da ba a yarje miki yi a asibitinki na yanzu ba don kawai babu likita a kusa. Mai naƙuda a ƙauye mutum ce cikakkiya, ba wurin gwaji ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato gidan marayun. Bincike a ƙasashe da yawa ya nuna cewa mafi yawan yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da aƙalla mahaifi ɗaya a raye, talauci ne ya raba su da gida, kuma a wasu wuraren an buɗe gidajen ne domin akwai baƙi masu biyan kuɗi su zo su ga yara. Abin ya yi tsanani har a 2018 Ostareliya ta amince cewa safarar yara zuwa gidajen marayu wani nau'i ne na bautar zamani. Ko gidan na gaskiya ne, ki yi tunanin yaron da zai shaƙu da ke, ya saba da muryarki da hannunki, sannan wata takwas ki tafi wata ta zo, ita ma ta tafi. Ba na shakkar tausayinki, amma wannan ɓangare ina ba ki shawara ki bar shi gaba ɗaya. Ki kuma lura ko ƙungiyar ta nemi takardar shaidar 'yan sanda cewa ba ki da laifin da ya shafi yara. Wadda ba ta nema daga gare ki ba, ba ta nema daga kowa ba.

Biyan kuɗi shi kaɗai ba hujjar zamba ba ne, tunda masauki da abinci da mota duk kuɗi ne. Amma ki nemi a rubuta miki inda kowane kaso yake tafiya, da nawa ke isa asibitin, da sunan hukumar da ta yi wa ƙungiyar rajista, ki kuma nemi magana da shugabar ungozomomin wurin kai tsaye, ba ta bakin mai talla ba. Ki tambaye ta abin da suka rasa. Idan amsarta ba ta yi kama da abin da ke cikin tallar ba, kin samu labarinki. Ki gwada kuma da tsofaffin hanyoyi da ke neman ƙwarewa maimakon kuɗin mutum: ƙungiyar masu aikin sa-kai ta VSO, wadda aka kafa a Birtaniya a 1958, tana ɗaukar ƙwararru ta biya musu tafiya da masauki da ɗan alawus, haka ma shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1970, mai hedikwata a Bon ta Jamus. Peace Corps ta Amurka, da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, ta 'yan ƙasar Amurka ce kawai, mai katin zama ba ya shiga.

Na taɓa shiga ɗakin ajiya na wani ƙaramin asibiti, inda na ga kwalbar renon jarirai bakwaini sabuwa fil, ledarta ma ba a gama cirewa ba, an jera littattafan rajista a kanta. Ungozomar da ke zagayawa da ni ta ce baƙi ne suka kawo, aka ɗauki hoto, aka yi jawabi, amma wutar wurin ba ta iya ɗaukar ta, kuma babu wanda aka koya wa gyaranta. Da na tambaye ta abin da ya fi yi musu amfani daga duk baƙin da suka zo, sai ta ɗauko wata 'yar robar hura wa jariri iska da ta sha hannu, ta ce wata ma'aikaciyar jinya ce ta zauna da su tana maimaita musu yadda ake farfaɗo da jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, har kowacce ta iya da hannunta, kuma har ranar su ke koya wa sababbin da aka turo. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kuwa kaba. Idan kika je kika riƙe ɗakin haihuwa da kanki wata takwas, ranar da kika tafi zai koma yadda yake, wataƙila ma an fasa ɗaukar wata 'yar ƙasar aiki saboda ga ki kyauta. Idan kuwa kika je kika yi aiki a ƙarƙashin shugabar wurin, kika yi makonnin farko kina kallo da tambaya kafin ki gyara komai, kika koyi gaisuwa da sunayen ciwo da harshensu, to abin da kika sani zai zauna a hannun waɗanda ba za su tafi ko'ina ba. Ki lura da wani abu kuma: kasancewarki 'yar Afirka ba ta mai da ke 'yar gari a can, kuma su ma akwai abin da za su koya miki, musamman yadda ake gane haɗari da ido da hannu inda babu na'ura.

Lafiyarki ma kada ki yi mata riƙon sakainar kashi. Mutanenmu sukan ce sun saba da zazzaɓin cizon sauro, alhali ɗan kariyar da jiki ke samu tana raguwa idan mutum ya daɗe a inda babu cutar, shi ya sa mafi yawan masu dawowa Birtaniya da maleriya 'yan asalin ƙasashen da ake fama da ita ne da suka je ziyara. Ki sha maganin rigakafi kamar kowane baƙo. Katin allurar shawara yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 na tsawon rai ne. Tunda da allura da jini za ki yi aiki, ki san tun kafin ki tafi inda za ki samu maganin kariya daga cutar kanjamau idan allura ta soke ki, domin dole a fara shi cikin awa 72. Ki karanta inshorarki da kyau, saboda ta matafiya sau da yawa ba ta rufe wanda ya je aiki, balle kuskuren jinya.

Sai maganar mahaifiya, wadda na ga kin ambata a ƙarshen wasiƙa kamar ƙaramin abu, alhali ita ce ta farko a hakki. Ba a gyara gidan wani da rushe na uwa. Kafin ki sa ranar tafiya, ki tara abin da zai ishe ta na duk watannin da ba ki da albashi, da ƙarin wata biyu ko uku na bayan dawowa, ki zauna da 'yan'uwanki a san wanda zai tsaya idan ciwo ya tashi, sannan ki yi mata bayani da bakinki ki nemi albarkarta. Iyaye da yawa da farko sukan ga kamar ɗansu ya watsar da arziki ne, amma idan suka ga an yi musu tanadi, sukan bi shi da addu'a.

A cikin shekarar da ta rage, ki fara da rubuta duk ranakun fita da shigarki tun daga ranar da kika iso Ingila, ki kai wa lauya ya tabbatar miki da ranar da za ki iya neman izinin dindindin. Ki tambayi asibitinki ko yana da haɗin gwiwa da wani asibiti a ƙasashe masu tasowa, domin asibitocin Birtaniya da dama suna da shi, kuma ta nan za ki iya zuwa koyarwa na mako biyu cikin hutunki ba tare da kin taɓa bizarki ba. Shirin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ambata yana da ayyukan sa-kai ta intanet da za ki yi daga ɗakinki. Ki kuma riƙa ajiye shaidar awanninki, tunda sabunta rajistar jinya a Birtaniya na buƙatar awa 450 na aiki a shekara uku, kuma aikin jinya na sa-kai a waje yana iya shiga lissafin idan an rubuta shi yadda ya kamata. Idan izinin ya fito, ki sake rubuto mini da sunan ƙasar da kika tsayar, mu duba dokarta tare.