Tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu: ita za ta ciyar da kai ko kai za ka ciyar da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne, ina shiga ƙauyuka in sari kaya in kawo gari, kuma kullum shatar mota nake ɗauka, kuɗin shatan nan ya fara isata. Yanzu an yi min tallar Land Cruiser 80 ƙirar 1996 mai shan fetur, jikinta fes, mai ita ya ce ba ta taɓa ba shi kunya ba. Kuɗinta zai ci kusan rabin jarina amma ina ganin zan riƙa ɗaukar kayana da ita, in ba da ita haya in ba na aiki, iyali ma su samu ta hawa. Ai da tsohuwar zuma ake magani. In saya?

Wa alaikumus salam Alhaji, amin na gode. Kafin in ce maka saya ko kar ka saya akwai aikin da zan ba ka, ba ya buƙatar bakanike ko dillali, biro da takarda kawai. Ka zauna ka tuna tafiye-tafiyen da ka yi a wata goma sha biyun da suka wuce, ka ware waɗanda motar da ka ɗauka ta kafe a taɓo ko rairayi ko ta kasa hawa wani tudu, ko direba ya ce shi kam ba zai shiga ba sai dai a nemo mai ogzilari, wato motar da tayoyinta huɗu ke ja. Ba ranakun da hanya ta yi gargada ta girgiza ku nake nufi ba, wannan kowace mota mai ɗan tsayi tana wucewa, ranakun da in ba taya huɗu ke ja ba kaya ba za su fito ba. Wannan adadin shi ne amsarka, sauran duk bayani ne.

Abin da yasa na fara da nan, na daɗe ina lura da masu irin motocin nan kuma abin da suke faɗa ranar saye daban, abin da motar ke yi bayan shekara ɗaya daban. Ranar saye kowa daji zai shiga. Bayan shekara sai ka tarar kai yara makaranta take yi da zuwa shago da zuwa ɗaurin aure, kan kwalta safe da yamma, ƙaramar giyar nan ta shiga muguwar hanya da ke kusa da babba har ta ƙage don ba a taɓa ta. Akwai ma waɗanda shan mai ya dame su ko gaban motar ya fara ƙara sai su sa bakanike ya kwance farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, a ajiye a gida, kaga an koma jan ƙafa biyu kenan amma ana ɗauke da nauyin mai huɗu. Wasu kuma tasu tana ƙarƙashin bishiya a kan duwatsu wata huɗu ana jiran wani ƙarfe guda, kuma in ka tambaye shi zai ce maka motar lafiyarta ƙalau abu kaɗan ya rage. A Ostireliya da Amurka akwai wani rukunin daban, masu ajiye ta don nishaɗi, ƙarshen mako su ɗora tanti su shiga daji ko sahara, su sun san kashe kuɗi suke yi kuma ba su taɓa kiran abin kasuwanci ba, ni wallahi ba ni da matsala da su don ba su yaudari kansu ba.

Waɗanda na ga motar tana biya musu kuɗinta da gaske su ne wanda hanyarsa ta kullum ba ta da kwalta. Mai gona a can ciki, mai kai kayan aiki wurin haƙar rijiya ko gyaran turakun sadarwa, mai jigila inda ƙananan motoci ke tsayawa su juya. Shi wannan ba ya wanke ta kullum, ba ruwansa da fenti, kuma ba rufaffiyar jif ce da shi ba yawanci, buɗaɗɗiya ce mai shan dizal. Ba banza ba ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross suka riƙe Land Cruiser 70, wadda Toyota ta fara fitarwa tun 1984 kuma har yau ba ta daina ƙera ta ba, injin 1HZ ɗin nan mai lita 4.2 da silinda shida ba turbo ba tarkacen kwamfuta, ba shi da gudu amma bakaniken da ya san dizal zai iya buɗe shi ko'ina. Nissan Patrol ma tana da irinsa, TD42. Sunan da ake yi wa tsofaffin jif na rashin mutuwa daga irin waɗannan ya samo asali, sai dillalai suka ɗauki sunan suna shafa wa duk wata doguwar mota.

Toh mu zo kan taka. Land Cruiser 80 mota ce ta kirki ba zan ɓata ta ba, an yi ta daga 1990 zuwa 1997, aksul ɗinta gaba da baya sanda guda ne mai ƙarfi. Amma wadda aka yi maka talla mai fetur ce, a wannan shekarar injin lita 4.5 kenan, motar ita kaɗai ba kowa a ciki ta haura tan biyu, kuma yawancin 80 tayoyinsu huɗu suna ja ne koyaushe ko kana so ko ba ka so, ba irin wadda za ka cire ogzilari in ka hau kwalta ba. Ma'ana kowace kilomita da ka yi zuwa shago kana biyan man juya ƙarafan da ba ka buƙata a ranar. Kar ka yarda da abin da mai ita ya faɗa kan shan mai, kar ka yarda da nawa ma, ka ce a ba ka ita wuni guda, ka cika tanki har baki, ka ɗora mata irin lodin da ka saba ka bi irin hanyar da ka saba, ka dawo ka sake cikawa ka raba litar da kilomitar. In mai ita ya ƙi yarda da wannan gwajin to ya riga ya ba ka amsa.

Sai maganar lodi, nan ne 'yan kasuwa suka fi ruɗuwa don ganin girmanta. Akwai ɗan allo a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet da ke nuna iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ka cire nauyinta ita kanta, abin da ya rage shi ne rabonka, kuma a cikin rabon nan kai da direba da yaron mota da jarkokin mai duk kuna ciki kafin a zo kan buhu ko ɗaya. Za ka sha mamakin ƙanƙantarsa. Rufaffiyar jif mutane aka yi ta ta ɗauka, buɗaɗɗiya irin Hilux kuwa wajen tan ɗaya take ɗauka, kuma ba sai ka cire kujeru ka ɓata cikin ba. Eh na sani ana labta mata fiye da haka ta tafi, tana tafiya mana, sifirin da shok da boris da birki su ne za su kawo maka takardar bashin daga baya.

Bari mu yi lissafi da misali, ka sa naka adadin a gurbin nawa. Mu ce kana shiga saro kaya sau ɗaya a mako, wajen sau hamsin kenan a shekara, mu ce goma daga ciki ne hanya ke ɓaci har sai mai ja da huɗu. In ka sayi jif ɗin nan saboda goman nan, ka ɗauki nauyin manta a sauran arba'in ɗin, da manyan tayoyi huɗu waɗanda dole su zama girma ɗaya kuma cinyewarsu kusan ɗaya don in sun bambanta giyar rabo, wadda ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya, ita ce ke wahala, da juyen mai wuri huɗu ba ɗaya ba, inji da giyabos da giyar rabo da aksul gaba da baya, kai biyar ma kenan, da inshora da takardu. Sannan babban wanda ba a gani, rabin jarin nan da ka ce. Kuɗin da kake juyawa sau da yawa a shekara kowane juyi yana haihuwa, ka mayar da shi ƙarfe a ƙofar gida. Kuɗin shata yana da zafi saboda kana ƙirga shi da hannunka ka miƙa, na mota kuwa yana fita kaɗan kaɗan yau sil gobe famfon ruwa shi yasa ba a jin sa sai ƙarshen shekara a rasa inda riba ta shiga.

Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa muka bi littafinsa na shekara biyu bayan ya sayi irin wannan, shi a ransa ya huta da masu shata, da muka tara sai ga shi abin da ya kashe ya wuce abin da yake biya da, kuma abin da ya fi ba shi haushi sau biyu a tsakiyar damina motar na gareji ya koma ya ɗauki shatar dai. Bai sayar ba fa, ya ce yana son ta, na ce toh madalla amma mu cire ta daga littafin shago mu mayar da ita littafin gida.

Maganar bayar da haya kuwa kar ka sa ta a lissafi sai ka san mutum da sunansa wanda zai ɗauka da sau nawa a wata. Manyan masu biya da kyau, kamfanoni da ƙungiyoyi, sau da yawa suna da sharaɗi kan shekarun mota da inshora da bel ɗin kujera, kuma ba a ranar suke biya ba. Waɗanda za su ɗauki tsohuwa ba tambaya su ne masu kai ta inda ba za su kai tasu ba. A ratsa ruwa da ita aksul yana da zafi ya zuƙi ruwa ta hancin numfashinsa, man ya koma fari kamar madara, ba wanda zai gaya maka sai ƙara ta fara. Ko a ja wata motar da ta kafe a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela, abin da ke iya tsinkewa ya tashi kamar harsashi, an sha rasa rai a haka. Kuma ranakun da ake neman ta haya su ne dai ranakun da kai ma kake buƙatarta.

Gaskiya guda da zan ba tsohuwar jif, darajarta ta gama faɗuwar da za ta yi, ba kamar sabuwa ba da kana fita da ita ta fara zubewa. Wasu ma tashi suka yi, tsohuwar Land Rover Defender tun da aka daina ƙera ta a 2016, da su 80 ɗin nan a Amurka inda doka ta ba da damar shigo da motar da ta kai shekara 25 ko ba a yi ta don kasuwarsu ba. Dillali zai iya kawo maka wannan zancen. Amma masu tsafta ake nema waɗanda ba su sha wuya ba, ba wadda ta shekara biyar tana dakon buhuna ba, ba za ka ci riba biyu a kanta ba.

In ka ƙirga ka ga ranakun sun yi yawa, wato hanyar banza ita ce kasuwar taka kuma shigarka inda wasu ba sa iya shiga shi ke sa ka sari kaya da sauƙi, to nan mota mai ja da huɗu jari ce, sai dai ba wannan ba. Nemi buɗaɗɗiya mai dizal wadda ake sa ogzilari a cire, ƙirar da kayan gyaranta suke ko'ina, ka tafi da bakanikenka ba na mai sayarwa ba. A tayar da ita da safe inji na sanyi a ga hayaƙi, a shiga ƙarƙashi a duba shasi ko akwai tsatsa mai cin ƙarfe ko walda, a tabbatar farfelar gaba tana nan, a duba bayan tayoyin gaba ko giris na yoyo, a sa ƙaramar giya a kan ƙasa ba kan kwalta ba a ji ta shiga ta fita. Irin waɗannan ba a tafiya da su da huɗu kan busasshiyar kwalta don ƙarafan na murɗewa, amma kuma ba a barin su shekara ba a sa ba, littafin wasu motocin Toyota ma cewa ya yi a yi kamar kilomita 16 da huɗun duk wata don mai ya zagaya. Kuma kar kuɗin saye ya zama shi ne ƙarshen kuɗinka, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, ka ware na gyaran farko a gefe tun kafin ka karɓi makulli.

Wannan dai ta 1996 a kan rabin jari, a yadda ka bayyana min, ni ban ba ka shawarar ta ba Alhaji. Ka samu mai jif guda ɗaya amintacce ku yi yarjejeniya tun kafin ruwa ya sauka kan ranakun da za ka buƙace shi, sauran tafiyar ka ci gaba da ƙaramar shata. Ka turo min adadin ranakun nan da jimlar abin da ka biya na shata bara, da abin da jarinka ke kawowa a juyi ɗaya, sai mu sake zama a kai.