Yini guda a Jidda da ragowar guzuri: ku nufi Balad

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun daren jiya, cewa za ka kai mahaifiyarka Umara daga nan Gombe, jirgin dawowarku ta Jidda zai tashi, kuna da yini guda a hannu, kuma ka san kafin ranar guzuri ya ja baya. Na kuma ga 'yan'uwa suna cewa ku shiga manyan kantuna ku sha sanyi har lokaci ya yi. Allah ya saka musu, amma ni ban goyi bayan wannan ba. Sau uku ina ratsa garin nan, kuma shawarata ita ce ka kai Hajiya tsohon gari, wanda suke kira Balad. Ba a biyan ko riyal ɗaya kafin a shiga unguwar.

Fara da lokaci, domin a nan na sha wuya a zuwana na farko. Na isa ana gab da azahar, na tarar da rabin shaguna a rufe, rana tana dukan ƙeya. Zafin Jidda ba irin namu na watan Maris ba ne da kake samun sauƙi in ka shiga inuwa. Nasu mai gumi ne saboda teku, riga tana manne maka a jiki ko a inuwar kake. Dattijuwa ba za ta jure ba. Ku huta da rana, ku shiga Balad da la'asar sakaliya, lokacin da ake buɗe shaguna. In ranar ta faɗo Juma'a, kada ma ku fito kafin a sauko daga masallaci.

Daga Makka tafiyar ba ta wuce kilomita 80 ba. Akwai jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana sauke mutane a tashar Sulaimaniyya, kusa da tsohon garin. In aljihu bai kai ba, motocin haya da ake cikawa da fasinja sun fi araha. Sai dai ku gama ciniki kafin ku zauna, ku tabbatar kuɗin na mutum ɗaya ne ko na ku biyu. Wani direba ya taɓa yi mini wannan, muka yi magana a kan kuɗi, da muka isa ya ce ai na kujera ɗaya ya faɗa ban da jaka.

Ku ce a sauke ku a Bab Makka, wato Ƙofar Makka. Da can garin yana da ganuwa kamar yadda Bauchi take da tata, an rushe ta a 1947, sai ƙofofin da aka sake ginawa don tunawa. Ta wannan ƙofar alhazai suke fita su kama hanyar Harami. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya mayar da Jidda mashigar Makka ta ruwa. Ni duk lokacin da na tsaya a wurin sai jikina ya yi sanyi, kuma ga dalili. Kakana mutumin wajen Bajoga ne, da ƙafa ya tafi aikin Hajji. Ya ratsa Borno da Chadi, ya tsaya a Sudan yana aikin gonar auduga har ya tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Shekara bakwai kafin a sake ganinsa a gida, har an fara cire rai. Mu mutanen Gombe mun san wannan hanyar fiye da kowa, domin bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a da yawa gabas suka ci gaba da yi, har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Da yawa daga waɗanda Allah ya nufa da isa Makka a cikinsu, ƙasar Jidda suka fara takawa. Ka gaya wa Hajiya wannan tun kuna hanya. Ina da yaƙinin ita ma tana da wani a danginta da za ta ambata.

Daga ƙofar ku bi Kasuwar Alawi a hankali. Lungu ne matsattse, ga turaren wuta, ga dabino, ga kayan yaji da tasbaha da sallaya. Tsarabar yara ta fi sauƙi a nan a kan shagunan da ke kewaye da Harami, amma a taya, kada a ji kunya. Za ku ji Hausa tana tashi a kasuwar, musamman ta wajen Bab Sharif, wasu 'yan Kano-Jidda ne, wasu kuma a can aka haifi iyayensu ma. Ɗaga kai sama kuwa shi ne babban kallon. Gidaje ne masu hawa huɗu da biyar, an gina su da dutsen da ake sarowa daga bakin teku, an jera katako a tsakanin ginin don ya riƙe shi. Tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa suka turo waje, suna ce musu rawashin. Iska tana shiga, matan gida suna ganin titi, na titi ba ya ganinsu. Wanda ya tashi a gidan da ke da zaure ba sai an yi masa bayanin hikimar ba. Saboda waɗannan gidajen ne hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma har yanzu ana ta gyaran wasu.

A tsakiyar kasuwar akwai Gidan Nasif, wanda aka gama ginawa a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi garin a 1925. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiya da mutanen garin suke ji da ita, har ana kiran gidan da gida mai bishiya, don a da itace yana wuya a Jidda. Da na matsa kusa sai na ga ashe dogon yaro ce, irin wadda ke ƙofar gidan kowa a Tudun Wada. Na zauna a ƙarƙashinta na daɗe. Nan ne wurin da Hajiya za ta huta ta sha ruwa. Wasu gidajen an mayar da su gidajen tarihi ana karɓar kuɗi kaɗan a ƙofa, amma matakalarsu tana da yawa, in gwiwa tana damunta ku bar su.

Ku yi magariba a Masallacin Shafi'i, yana cikin mafi daɗewa a garin, tafiyar 'yan mintuna ce daga nan. Za a ce muku akwai maƙabartar Nana Hawwa'u a kusa. Maƙabartar tana nan, amma zancen kabarin ba shi da ingantaccen dalili, kuma ba a barin mata su shiga, kada ka wahalar da ita.

Abinci kuwa, ku nemi masu ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗar gurasa mai zafi daga tanderu. Kwano ɗaya ya ishe ku ku biyu, kuma ba zai ba haƙorin tsohuwa wahala ba. Kazar Albaik tana da araha ita ma, sai dai layin.

In da sauran ƙarfi bayan isha'i, ku ɗauki tasi zuwa bakin teku ta wajen Hamra. Daga nan ake hango ruwan nan na Sarki Fahad da ke feshi sama daga cikin teku, yana haura mita 300, an haske shi da fitilu. Zama kawai za ku yi a kan sallaya kamar yadda iyalan garin suke yi, kyauta ne. Wannan tasin da ta filin jirgi su ne za su fi cin kuɗin yinin, don haka ka ware su tun safe a aljihu daban, tare da kuɗin jarkar Zamzam mai lita 5 da ake saya a filin jirgi. Filin yana arewacin gari, da ɗan nisa daga Balad, kuma da daddare hanya tana cushewa, ku tashi da wuri. Fasfo ɗinku ya kasance a jikinka, ba a cikin jakar da kuka ba ajiya ba.

A gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ɗanta na Bajoga yana roƙon ta sa shi a addu'a in ta ga Ka'aba.