Na gama digirin digirgir a Jidda: in zauna ko in nufi Jamus?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na kammala digirin digirgir kan ƙwayoyin gado a Jidda. Wani farfesa a KAUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, ya yi mini tayin aikin bincike na shekara biyu, wani kuma a Jamus ya ce zai karɓe ni idan na samu tallafin Humboldt, wato kuɗin bincike da wata gidauniyar Jamus ke bayarwa. Ina da mata da yara uku. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Dakta, Allah ya sa albarka a karatun.

Ka ba ni sunan wurare, amma ba ka ce komai kan malaman biyu ba, alhali su ne maganar. Wannan aiki na bayan digirgir zango ne, ba mazauni ba. Abin da za ka fita da shi shi ne takardun bincike masu sunanka a farko, da kuma wani aiki naka na kanka da za ka tafi da shi ranar da ka buɗe naka ɗakin gwaji. Duka biyun a hannun shugaban ɗakin gwajin suke. Saboda haka ka nemi mutum biyu ko uku da suka taɓa aiki ƙarƙashin kowanne, ka tambaye su a keɓe: ina suke yanzu? Yana barin yaransa su ci gaba da abin da suka faro? Takarda takan yi wata nawa a teburinsa? Wanda ya tafi ya fi wanda ke ciki sakin baki.

KAUST tana Thuwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, an buɗe ta a 2009, kuma ba ta da ƙarancin kayan aiki. Ƙarfinta a kimiyyar halittu ya fi fitowa a binciken Bahar Maliya da noman hamada. Idan zuciyarka tana kan cututtukan gado na ɗan Adam, ka leƙa har cibiyar bincike ta Asibitin Sarki Faisal a Riyad, inda marasa lafiya da ɗakin gwaji ke wuri ɗaya. Ga mai iyali, zama a nan yana da sauƙi: ba a cire harajin albashi, ga Harami kusa. Sai dai igamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar, tana ɗaure da wurin aikinka, don haka ka sa a rubuta maka batun gida, makarantar yara da inshorar lafiya a kwantiragi.

Tallafin Humboldt kuwa ana nemansa cikin shekara 4 da gama digirin, yana ɗaukar wata 6 zuwa 24. Ka lura, ba a hannunka yake ba tukuna, gasa ce. Amma kana da sauran lokaci. Ni dai da zan zaɓa maka, idan shaidar farfesan Thuwal ta yi kyau, ka karɓa, ka fitar da takarda ɗaya mai nauyi, sannan ka nemi Humboldt kafin shekarun su cika. Ka rubuta wa na Jamus gaskiyar shirinka tun yanzu.

Tambaya: 'Yata ta ga tallan aikin bincike a intanet, an ce ta tura riyal 500 na rajista. Mu biya?

Amsa: Kada ku biya, Hajiya. Jami'ar kirki ba ta karɓar kuɗi a hannun mai neman irin wannan aiki. Ta shiga shafin jami'ar da aka ambata a tallan da kanta, ta nemo adireshin farfesan da aka ce aikinsa ne a can, ta tambaye shi ko ya san da tallan.